Fiyanon Gado da Hannun Tabawa

Mu biyar ne a tsakar gidana a Gumel ranar da maganar ta tashi. Da ni, da Tabawa, abokiyar kiɗana ta shekara arba'in, wadda ta zo daga Ɗanzomo ganin likita saboda rawar da hannunta ya soma, da autana Habibu, kwance a tabarma ƙafarsa cikin karan ɗori tun da babur ya kayar da shi a hanyar Gagarawa Tasha, da matarsa Rabi da tsohon ciki tana tsintar shinkafa, sai Idi, ɗan yayata, direban da ke jigila tsakanin Gumel da Maigatari, wanda ya shigo dubiya ya bar mana aiki.

Ni zabiya ce, amada muke yi. Ni ke waƙa, Tabawa ke riƙe da babbar ƙwarya, wadda ake kifawa a kan ruwa cikin baho. Mu shida muka fara, huɗu sun riga mu gidan gaskiya. Habibu a bayanmu ya girma, gidan biki zuwa gidan biki, da ya tashi sai ya kama fiyano. Yana da ɗan shagon ɗaukar waƙa kusa da kasuwa, yana kuma zuwa bukukuwa. Mata kuwa kullum ƙorafinsu ɗaya, gangar da ke cikin fiyanonsa ba ta taɓa musu ƙugu. Ya daɗe yana ba mu labarin wani tsohon fiyano da aka daina ƙerawa, wanda za ka kaɗa masa abu ya haɗiye, ya rarraba wa haƙoransa, ka riƙa kaɗa sabuwar waƙa da shi. Na taɓa tambayarsa ko ba abin da waya ke yi ba ke nan. Ya ce waya aku ce, abin da ta ji shi take maimaitawa, wannan kuwa hannun mutum yake ajiyewa.

Idi ya ce wani fasinja ya gaya masa ranar kasuwar Maigatari cewa akwai irinsa a Damagaram, na wani malamin makaranta da ya rasu, Mushe Lawali, don haka suke kiran malamin boko a can, kuma matarsa na neman mai saye. Habibu ya dubi ƙafarsa. Tabawa ta ɗaga hannunta na dama tana kallon yadda yake karkarwa.

"In za a haɗiye ni a yi da wuri," in ji ta. "Hannun nan yanzu aro ne."

Idi kunnensa bai san bambancin ƙwarya da garwa ba, Rabi ba ta fituwa, Habibu ba ya takawa. Na ce ni zan je. Suka yi ta magana, na bar su suna yi na shiga ɗaki na ɗauko lalitata.

Ba zan ɓata baki kan fita ba. Abin da na riƙe dai huɗu ne: takarda da Habibu ya rubuta sunan fiyanon a kai, ni da ban taɓa zama aji ba, wayar da Rabi ta nuna mini inda zan danna in ta yi kuka, kuɗin da aka canza mini zuwa sefa, da 'yar ƙaramar ƙwaryata da makaɗinta, ƙunshe a zane.

Tsallake iyaka ba wuya, hanyar ce wuya. Bazara ce, rana tana dukan rufin mota kamar da gayya. An cusa mu mu huɗu a kujerar mutum uku, da tunkiya ɗaure a ƙarƙashin ƙafata tana huci a gwiwata. A wani shinge wani mai kaki ya karɓi katina na ɗan ƙasa ya juya shi, ya tambaye ni abin da ya kawo ni ƙasarsu. Na ce sayen fiyano. Ya kira abokinsa ya sa na maimaita don shi ma ya yi dariya. Na maimaita. Dariya ba ta rage mini komai, tsayuwar ce ta ci mini gwiwa. Matar da ke gefena, mai fataucin tabarmi, ba ta ce mini uffan ba tun daga iyaka, amma da muka sauka Damagaram bayan la'asar ta ga ina waige-waige, sai ta ja ni masaukinsu na mata 'yan kasuwa, ta dama fura ta miƙo mini rabin. Har yau ban san sunanta ba. Da na tashi sallar asuba ta riga ta wuce.

Garin Hausa suke ji, amma Hausar tasu tana da ƙaya. Wuta su ce kuran, shago su ce butik, kuɗi kuwa in sun faɗa sai na tsaya na lissafa da yatsu kamar yarinya. Na shiga kasuwa ina tambayar gidan Mushe Lawali mai fiyano, sai wani dillali, Isufu, mai farar shadda da ƙamshin turare, ya tare ni da Hajiya sama Hajiya ƙasa. Ya karɓi takardar Habibu ya karanta da ƙarfi, ya ce ai na zo gidan sauƙi, kayan marigayin duk a butik ɗinsa aka kawo. Ya zaunar da ni, ya sa aka kawo ruwan sanyi, ya shige ciki ya daɗe. Da ya fito ga fiyano a hannunsa yana sheƙi, da 'yar takarda manne a jiki. Ya jera ta da tawa ya ce in duba da kaina, rubutu ɗaya ne. Rubutun kam ya yi kama. Sai dai gam ɗin bai gama bushewa ba, na ji warinsa.

Ya kunna, abu ya ɓarke da ganguna da sarewa shi kaɗai ba mai taɓa shi. Mutane suka fara taruwa. Na bari ya gama, sannan na kwance zanena na fito da ƙwaryata. Tun ina budurwa ban taɓa sayen ƙwarya da ido ba. Komai kyanta sai na ƙwanƙwasa na kai kunne, don mai tsaga a ɓoye ido ba ya ganinta. Na kifa ƙwaryar a gabansa na buga sau uku, na ce to, ya maido mini.

Ya ce me zai maido. Na ce abin da na buga. Ya danna nan ya danna can, wata ganga ta fito, ya ce ga ta nan. Na ce wannan ba tawa ba ce, tawa tana da ɗan dishi a ƙarshe saboda ɗinkin da ke bakinta. Ya ce wa mutane tsohuwar ƙauye ce daga Najeriya, ba ta san kaya ba. Na ce haka ne, ban san kaya ba, na san ƙwaryata. Na naɗe zanena. Ruwan sanyin ma da ya ba ni ya ce in biya, na biya.

Ina fita wani dattijo mai gyaran rediyo da ke rumfar gaba ya yafito ni. Malam Mamman sunansa. Ya ce duk ya gani, kuma wanda nake nema shi ya riƙa duba masa fiyanon tsawon shekaru. Ya rufe rumfarsa da tsakar rana, lokacin ciniki, ya sa ni a keken haya, ya raka ni har ƙofar gidan.

Matar marigayin, Mariyama, ba ta kai ni shekaru ba amma zaman kaɗaici ya tsofar da ita. Ta jawo abin daga ƙarƙashin gado, ni da ita muka ciccibo shi. Nauyinsa ya kai na rago. Launinsa ya koɗe, haƙori ɗaya ya guntule, a gefe kuma ga wani siririn baki kamar na asusu. Raina ya ba ni shi ne tun kafin a kunna. Malam Mamman ya haɗa waya, ɗan gilashin da ke gabansa ya kawo haske, ya yi rubutu. Muka jira. Na danna haƙori, shiru. Na danna wani, shiru.

Malam Mamman ya karanta rubutun ya kama haɓa. Ya ce faifai yake nema. Wannan irin ba ya da wayo a cikinsa, duk wayonsa yana cikin wasu 'yan faya-fayai masu kusurwa huɗu kamar tafin hannu, akwai ma guda ɗaya da in ba a cusa masa shi ba ko farkawa ba ya yi. Ya tambayi Mariyama ina akwatin kwalin da marigayin ke ajiye su.

Sai ta ce ai an raba gado. Malamin da ya zo rabo ya bi kaya ɗaya bayan ɗaya yana yi musu kuɗi, kamar yadda shari'a ta ce. Fiyano ya faɗo rabonta. Akwatin faya-fayai, da rediyo, da keken ɗinki suka faɗa rabon Zainabu, ɗiyar marigayin ta wurin matarsa ta fari, wadda ke aure a Tanut. Ba wanda ya yi zalunci. Malamin dai ya ga abu biyu, ya raba biyu, ba a sami wanda ya san turmi da taɓarya ne ba.

Na zauna a bakin gadon. Na tambayi nisan Tanut, suka ce arewa ne, bakin hamada, wuni guda in mota ta ga dama. Malam Mamman ya ce ba zai iya rantse mini cewa faya-fayan suna da rai ba, zafi na kashe su. Ranar na karya ƙa'idata, na sayi abin da ban ji muryarsa ba. Mariyama ba ta tsawwala ba. Ta naɗe shi da bargon mijinta ta ɗaure da igiya, ta hana ni komawa masauki, ta dafa mini tuwo da miyar kuka wadda daddawarta ba irin tamu ba ce. Na ci ina tunanin tukunyata.

Hanyar Tanut ita ta cinye sauran ƙarfina. Masu mota suka ce sai dai a ɗora kayan a sama tare da buhunan gero, na ƙi. Na biya kujera biyu, na kwantar da shi a cinyata, kai a jikin taga, gindi a kan wani Buzu mai rawani da bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Duk ramin da motar ta faɗa sai na ɗaga shi da hannu kamar jariri. Itatuwa suka yi ta raguwa har suka ƙare. Taya ta fashe a inda ba inuwa, muka zauna a gindin motar muna bin ɗan duhunta yana matsawa. Buzun ya hura gawayi ya dafa shayi a wannan zafin, ya miƙo mini ɗan kofi. Na ce wane mai hankali ke shan wuta a cikin wuta. Ya ci gaba da miƙo hannu har na karɓa. Ya taimaka, ba zan yi ƙarya ba. Ƙafafuna kuwa da muka isa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, da ƙafa tsirara na taka garin.

Zainabu mace ce mai 'ya'ya uku, doguwa, mara yawan magana. Da ta ga bargon ta gane shi kafin in buɗe baki. Ta ce lokacin rabon tana jego, da aka kawo mata akwatin ta san an raba abin da ba ya rabuwa, amma abin da malamai suka raba wa zai je ya tayar, kuma da wane ido za ta dubi matar babanta ta ce ba ni. Ta ciro akwatin daga cikin kwallayenta na jere. Faya-fayai ne sun fi ashirin, kowanne da rubutun hannun uban. Ashe tun tana ƙarama ita ke miƙa masa su, ta san komai.

Muka jira kuran har bayan azahar. Da ya zo ta zaro faifan farkawa ba tare da ta nema ba, ta cusa. Abin ya yi ta gurnani a ciki kamar mai tauna tsakuwa, sannan gilashin ya canza rubutu. Ta jona abin magana, ta ce in buga. Na kifa ƙwaryata na buga. Ta danna haƙorin tsakiya, sai ga ƙwaryata, da dishinta da komai. Ta danna na hagu ta fito da kauri kamar turmi, ta danna na dama ta fito siririya kamar ludayi. Ban nuna komai a fuska ba. Na dai ce shi ne.

Ba mu yi ciniki mai tsawo ba. Ta ba ni faifan farkawa da wasu guda huɗu da za a iya gogewa a zuba sabo, ta ce sauran ba na sayarwa ba ne. Sai ta roƙi arziki, tun da abin na nan, ta cusa ɗaya daga cikin nata ta ji. Na ce ta cusa.

Muryar namiji ce ta fito, ba waƙa ba, kira. "Abu, taho." Haka uban ke kiranta. Ta danna, ya sake kira. Ta danna. 'Ya'yanta suka daina wasa. Ba ta yi kuka irin na ihu ba, ta dai zauna a ƙasa yatsanta a kan haƙorin. Daga baya ta ɗauko wayarta ta kanga a bakin lasifika tana ɗauka. Faifai uku ta samu ta juye kafin kuran ya ɗauke, don kowanne sai ya yi dogon gurnaninsa kafin ya buɗe baki.

A daidai nan wayata ta yi kuka. Rabi ce. Ta ce Tabawa ta faɗi wurin alwala, an kawo ta asibiti a Gumel, bakinta ya ɗan karkace amma tana magana, tana ma riƙe cokali da kanta. Ta ce Habibu ya ce in an samu abin in taho.

Akwai mota da sassafe. Zainabu ta ji duk abin da aka faɗa, ta tashi da kanta ta fara naɗe fiyanon a bargo, ta ce Allah ya ba mara lafiya sauƙi. Ba ta roƙe ni komai ba. Na dubi akwatin, faya-fayai kusan ashirin da ba ta ji ba, kuma daga ranar da na fita da abin nan sun zama marufan tulu har abada. Na ce ta kwance igiyar. Kada wani ya ce tausayi ne. Ni dai ban iya cin abinci a gidan mutum in tashi in bar shi da kwanon wanki ba, kuma na ce wa kaina mai riƙe cokali za ta riƙe makaɗi.

Kwana biyu na ƙara. Kuran ya zo ya tafi yadda ya ga dama, mu kuma muna zaune gaban abin kamar masu jiran haihuwa. Wasu faya-fayan sun mutu, sai gurnani ba murya. Wasu gurmi ne, wasu tafi, ɗaya kukan zabi. A ɗaya uban yana waƙar da ta ce da ita yake lallashinta. Ni ina gefe ƙafafuna cikin ruwan ɗumi da gishiri da take kawo mini, kunnena na kan wayata. Wayar ba ta sake kuka ba, na ɗauka alheri ne. Ranar da zan tafi Zainabu ta ɗauko fiyanon a kanta har tasha, ta cusa mini dabino da cuku a jaka, ta durƙusa ta ce, "Inna, ban da abin da zan ce." Na ce to kada ta ce.

Dawowa ba ta da labari sai ciwo. Kwana ɗaya a Damagaram wurin Mariyama, na mayar mata da bargon ta ƙi karɓa. A iyaka aka sa na kwance kayan a rana aka leƙa bakinsa ko na ɓoye wani abu, aka sa na ɗaure. Da na hango motar Idi a Maigatari, da na ji ana kiran naira, na san na iso gida, ya zo ya karɓi kayan.

Mun shiga gida ana kiran magariba. Habibu ya ja jiki ya kwance bargon, ya shafa abin kamar mai duba doki, ya sa aka tayar da injin ba da wuta, ya cusa faifai. Fiyanon ya farka. Habibu ya dube ni zai yi murna sai ya fasa. Rabi ce ta faɗa, tana kallon ƙasa. Abin ya sake bugun Tabawa. An sallame ta an mayar da ita Ɗanzomo, likita ya ce sai jinya. Ranar Talata tana riƙe cokali, ranar Alhamis yatsun ba sa rufuwa. Na san inda nake ranar Talata da Laraba. Ba wanda ya tambaye ni abin da ya tsayar da ni, ni ma ban faɗa ba. Na yi salla na kwanta da kayan jikina.

Washegari da na idar da asuba na aika aka kira Idi. Aka sa fiyano da inji a bayan mota, aka ɗauki Habibu da ƙafarsa aka kwantar a kujera, na ɗauki bahona. Rana ba ta yi zafi ba muka isa Ɗanzomo. Tabawa na jingine da bango a ƙofar ɗakinta, ta rame, hannun dama na kwance a cinyarta kamar ba nata ba. Ta dube ni ta dubi kayan. Maganarta a ja take fita yanzu, amma na ji.

"Kin je Makka ne?"

Na ce ta yi shiru ta adana ƙarfinta. Na shiga ɗakinta na sauko da babbar ƙwaryar daga rataye, na cika baho, na kifa ta a kan ruwan, na jawo gabanta. Na sa mata makaɗi a tafi, ya zame. Na sake sawa, ya zame. Sai na cire ɗankwalina na yage gefensa, na naɗe yatsunta a kan makaɗin ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure tam. Habibu ya kanga abin magana ya ɗaga mata kai. Ta tattara kafaɗa, ta ɗaga hannun kamar mai ɗaga dutse, ta sake shi.

Ƙarar ba ta fi ta mai ƙwanƙwasa ƙofar mara lafiya ba. Habibu ya danna haƙorin tsakiya, ta fito daga lasifika yadda ta shiga. Ya danna sau uku. Tabawa ta rufe ido tana saurare. Da ta buɗe ni ta harara.

"Ruwan ya yi yawa. Shekara arba'in ba ki iya zuba ruwa ba."

Na ɗauki moɗa na rage ruwan, na gyara zaman ƙwaryar, na ƙara ɗaure mata hannun.